Yadda iyali za su shirya wa tseren Turkey Trot na Buffalo a hutun ƙarshen Nuwamba

Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar godiya a Amurka, wadda suke kira Thanksgiving. Makarantu da ofisoshi a rufe suke, mutane da yawa kuma ba sa komawa aiki sai Litinin, don haka dangi kan samu kwana huɗu a jere su taru a gida ɗaya. Kafin a zauna cin talotalo da rana, garuruwa da dama kan yi tseren gudu a kan titi da safe, wanda ake kira Turkey Trot, wato sassarfar talotalo. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu shi ne na birnin Buffalo a yammacin jihar New York, wanda ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA ta fara a 1896 da mutum shida, huɗu suka kai ƙarshe. Tun daga lokacin ba a taɓa tsallake shekara ba. Ko a 2020 da annobar korona ta hana taro, sai da aka fitar da mutum 125 suka bi hanyar don kada zaren ya tsinke. Yanzu kimanin mutum 14,000 ake ɗauka, tsawon hanyar kilomita 8 ne, ana tashi da ƙarfe 9 na safe.

Kilomita 8 ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya da ya ɗan yi atisaye. Abin da ke ɓata wa mutane ranar shi ne tsayuwa: minti talatin zuwa arba'in da za a yi ana jiran tashi, da kuma wanda za a yi bayan an gama, jiki jiƙe da gumi, ana neman mota ko 'yan uwa. Mai gudu jikinsa na hura masa wuta. Wanda ke tsaye shi sanyi ke ci. Duk shirin da za a yi, na tufafi ne ko na mota ko na girki, a gina shi a kan rage waɗannan tsayuwar guda biyu.

Tun wata biyu kafin ranar

Rajista ta intanet ake yi, kuma gurbin kan cika tun kafin ranar, don haka wanda ya bari sai tsakiyar Nuwamba yana iya rasawa. A yi wa duk wanda zai shiga rajista a zama ɗaya, a kuma karanta ƙa'idar shekarar game da ƙananan yara da keken tura jarirai kafin a yi wa yaro alkawari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba gudu ba ya fara daga farkon Oktoba, sau uku a mako, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. A mako biyun farko, gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, a yi ta maimaitawa har minti 25. Daga nan a riƙa ƙara gudun ana rage tafiyar, har ya zama a mako na shida an iya cin kilomita 6 ko 7 a fita ɗaya. A makon ƙarshe a rage, fita biyu gajeru sun isa. Aƙalla fita ɗaya a kowane mako ta kasance a waje da safe, cikin kayan da za a sa ranar tseren. Wanda ya yi duk atisayensa a kan injin gudu cikin ɗaki mai ɗumi, ranar da iskar waje ta fara shiga ƙirjinsa zai ji kamar bai taɓa motsa jiki ba.

Masu hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga su ga likita kafin su fara. Mai asma ya sani cewa busasshiyar iska mai sanyi na matse hanyoyin numfashi. Likitoci kan ba da shawarar a shaƙi maganin buɗe ƙirji kamar minti 15 kafin gudu, a kuma riƙe abin shaƙar a aljihun ciki. Maganar da ta fi shafar mutanenmu ita ce sikila. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wahalar da jiki duk suna tayar da ciwon, ga su kuma sun haɗu a safiya ɗaya. Mai sikila, babba ko yaro, kada ya shiga tseren sai da yardar likitansa, kada ma a tsayar da shi a bakin titi yana kallo na awa guda. Wanda ke ɗauke da rabin jinin kawai, wato AS, yawanci yana gudu lafiya lau, sai dai ya sha ruwa sosai, kada kuma ya takura wa jikinsa har numfashi ya nemi ɗaukewa.

Sanyin Buffalo da abin sawa

A ƙarshen Nuwamba, zafin rana a Buffalo kan tsaya wajen digiri 6, da dare kuma ya sauka zuwa sifiri ko ƙasa kaɗan. A lura cewa rahoton yanayi a Amurka da ma'aunin Fahrenheit ake bayar da shi: 32 a can shi ne sifiri, 40 kusan digiri 4 ne, 20 kuwa digiri 7 ne ƙasa da sifiri. Lambar kaɗai ba ta isa ba, a duba ƙarfin iska. Idan ma'auni ya nuna sifiri, iska na gudun kilomita 30 a awa, fata za ta ji kamar 6 ƙasa da sifiri. Idan 5 ne ƙasa da sifiri, za ta ji kamar 13 ƙasa da sifiri. Hanyar tseren ta miƙe ne daga arewa zuwa kudu a kan titin Delaware, iskar garin kuma galibi daga tafkin Erie take tasowa, ta kudu maso yamma, don haka sau da yawa a fuska mai gudu zai sha ta.

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder ya san hunturu, amma sanyin hunturu busasshe ne, babbar rigar auduga na maganinsa. Na Buffalo da danshi yake zuwa, auduga kuma a nan abokiyar gaba ce. Tana shan gumi ta riƙe, iska ta bi ta kai, sai ta sanyaya jiki kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Rigar da za ta taɓa fata ta zama ta poliyesta ko ta ulu mai laushi, mai dogon hannu, wadda ta kama jiki. Haka singileti, rigar mama da safa: babu auduga ko ɗaya.

Ƙa'idar da masu gudu ke bi ita ce a yi shiga kamar zafin ya fi wanda ma'auni ya nuna da digiri 10. Idan mutum ya tsaya a ƙofar gida ya ji ɗumi daidai, ya cika kaya, kafin kilomita 2 zai jiƙe sharkaf. Daga digiri 5 zuwa sama, riga ɗaya mai dogon hannu, dogon wando da siririyar safar hannu sun wadatar. Tsakanin sifiri da 5, a ƙara 'yar jaket marar nauyi mai tare iska, mai zif a gaba don a iya zugewa idan jiki ya ɗau zafi, da hular sanyi da ta rufe kunne. Ƙasa da sifiri, a sa riga ta biyu a tsakani, da ƙyallen wuya da za a ja a rufe baki da hanci a kilomitan farko. Wanda zai taka da ƙafa ne kawai ya ƙara riga ɗaya a kan duk wannan, don jikinsa ba zai yi zafin mai gudu ba, ga shi zai shafe awa ɗaya da rabi ko fiye a hanya.

Mata masu hijabi su nemi na wasanni, wanda ake zurawa ba tare da fil ba, na yadin da ke bushewa da wuri. Dogon mayafi na kama iska yana ja baya. Doguwar riga zuwa gwiwa a kan wando ba ta hana gudu, muddin ba ta auduga ba ce. A saka wani busasshen hijabi a jakar canji.

A shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe, kumatu da gefen hanci, da duk inda tufafi ke gogar fata: tsakanin cinyoyi, hammata, da kan nono ga maza. Takalmi wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi ranar tsere bororo ne.

Sai kayan yarwa, waɗanda su ne maganin tsayuwar farko. Kowane mai gudu ya ɗora tsohuwar suwaita ko rigar sanyin da ba ya so a kan shigarsa, ya cire ta minti biyu kafin tashi, ya ajiye a gefen titi, ba a tsakiya ba inda za ta harɗe na baya. Idan ana yayyafi, babbar ledar shara da aka huda wa wuya tana tare ruwa da iska. Lambar ƙirji kuwa, wadda masu shirya tseren ke ba kowane mai gudu, a maƙala ta da fil huɗu a gaban rigar da za ta rage a sama bayan an cire ta yarwa. A bayanta na'urar ƙidayar lokaci take, kada a naɗe ta ko a lanƙwasa.

Wa zai tuƙa, wa zai riƙe jaka

Wannan tseren ba a inda aka fara ake gamawa ba. Ana tashi a arewacin gari kusa da reshen YMCA na titin Delaware, a wuce gefen maƙabartar Forest Lawn da shataletalen Gates Circle, a gangara cikin gari a ƙare kusa da babban ɗakin taro na birnin. Wanda ya ajiye mota a wurin tashi, idan ya gama tana can kilomita 8 a bayansa. Masu shirya tseren kan tanadi bas-bas masu mayar da mutane, amma layi ake bi, kuma wannan layin shi ne tsayuwa ta biyu.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a ware mutum ɗaya wanda ba zai yi gudu ba. Ya sauke masu gudu a wata 'yar hanya kusa da wurin tashi wajen 8:20, ya bi wani titin daban ya shiga cikin gari, tunda Delaware a rufe yake kuma tsallaka shi da mota sai an zagaya, ya ajiye mota ya jira da jakar kaya. A jakar kowane mai gudu a sa busasshiyar riga, safa, hula, babbar jaket, ƙaramin tawul da ledar zuba jiƙaƙƙun kaya. A haɗa da filas na shayi mai citta da sukari.

A tsayar da wurin haɗuwa tun daren Laraba, wuri takamaimai: kusurwar titi kaza da kaza, ko ƙofa kaza. "Mu haɗu a wajen gamawa" ba magana ba ce a cikin dubban mutane. Kada a dogara da waya, sanyi na shanye batir da sauri. A sa ta a aljihun ciki inda za ta samu ɗumin jiki. A rubuta lambar wayar direban a bayan lambar ƙirjin kowa, musamman yara matasa. Akwai walima a cikin ɗakin taron bayan tsere, da ɗumi da abin taɓawa, sai dai ana raba giya a wurin, wanda bai son zama a irin wannan wuri ya sani tun da wuri.

Kaka da ƙananan yara ba su da abin yi a wurin tashi. In har za su fito, a kawo su kusa da ƙarshe, a bar su cikin mota ko cikin gini sai lokacin ya kusa. Lissafin ba wuya: mai cin kilomita ɗaya a minti 7 zai iso bayan minti 56, a ƙara masa mintocin da zai ɓata kafin ya tsallaka layin tashi saboda cunkoso. Yaro na rasa ɗumin jiki fiye da babba, kuma sau da yawa ba ya faɗa sai ya fara kuka. Ɗan kallo ya sa kaya ninkin na mai gudu, da takalmi mai kaurin ƙasa, don ta tafin ƙafa sanyin kwalta ke hawa.

Safiyar Alhamis

A karɓo lambobi a ranakun da aka ware kafin tseren, kada a bar shi sai safiya. Daren Laraba a ci abin da ciki ya saba da shi, shinkafa ko taliya, a sassauta yaji da mai. Alfijir kan keto wajen ƙarfe 6, rana ta fito wajen 7:20, don haka karin kumallo bayan sallar asuba ya yi daidai: koko ko kunu, burodi, ayaba ɗaya. A sha ruwa kamar rabin lita awa biyu kafin tashi, daga nan sai kurɓa. Sanyi na kashe ƙishirwa alhali jiki na zubar da ruwa ta gumi da numfashi, yana kuma ƙara yawan fitsari, shi ya sa layin banɗaki a wurin tashi ke da tsawo. A kewaya kafin a bar gida.

A wurin tashi, masu sauri ne a gaba, masu tafiya a baya. Shiga gaba ba ya ƙara komai, tunda lokacin kowa daga sanda ya taka layin tashi ake fara ƙirga masa. Ana jira ana motsi: tafiya da sauri, ɗaga gwiwa, juya kafaɗa. Kada a ja jijiya da ƙarfi jiki na sanyi, ta nan ake samun ciwon sha-raɓa da bayan cinya.

Kilomita 2 na farko a bi a hankali fiye da yadda zuciya ke so. Cunkoso ne, wasu sanye da kayan talotalo, wasu na tsayawa ɗaukar hoto ba gargaɗi. Mizanin shi ne mutum ya iya yin magana da na kusa da shi ba tare da haki ya katse shi ba. Idan an yi ƙanƙara da dare, a rage faɗin taku, a guji farin fentin titi, murafun ƙarfe na magudanar ruwa da ƙarƙashin gada. Inda kwalta ta yi baƙi tana sheƙi, wataƙila ba ruwa ba ne, ƙanƙara ce. Wurin raba ruwa ma santsi gare shi, saboda abin da aka zubar yana daskarewa. Idan zafi ya taso, a zuge zif, a cire safar hannu a soke a ƙugu. Kada a jefar da ita, za a neme ta a ƙarshe.

Da an gama, minti goma zuwa sha biyar ake da su kafin rawar ɗari ta fara. Hoto ya jira. A cire duk abin da ya jiƙe har na ciki, a goge jiki, a sa busassu, sannan a sha shayi. Ɗora jaket a kan jiƙaƙƙiyar riga ba ya magani. Idan aka ga mutum na karkarwa ba ƙaƙƙautawa, harshensa ya yi nauyi, yana tangaɗi ko ya rikice, ɗumin jikinsa ne ya faɗi. A kai shi wurin masu agajin tseren ko a kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka. Yatsun da suka yi fari suka mutu kada a murza su, kada a kanga su a jikin hita. A tsoma su a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa.

Talotalo

Wanda zai sauki baƙi ya yi odar talotalon halal tun mako biyu kafin ranar. Buffalo na da Musulmi da yawa, 'yan asalin Yaman a Lackawanna da 'yan Bangaladash a gabashin gari, mahautan halal ba su da wuyar samu. A ƙiyasta rabin kilo ga kowane mutum. Daskararre na buƙatar kwana ɗaya a firji ga kowane kilo 2, wato mai kilo 6 a sauko da shi tun Litinin da safe. In an makara, a nutsar da shi cikin ledarsa a ruwan sanyi, ana canja ruwan duk rabin awa. Zai ɗauki awa shida zuwa bakwai.

Mai kilo 6 da ba a cusa wa komai a ciki ba yana gasuwa cikin awa uku zuwa uku da minti 45 a obin mai zafin digiri 163, wato 325 a ma'aunin can. Ma'ana, in an sa shi ƙarfe 11 bayan an dawo, za a ci wajen 3. Babu dalilin kunna obin a fita a bar gida ba kowa, balle a ranar da gobarar kicin ta fi yawa a Amurka a duk shekara. An san ya nuna ne idan ma'aunin zafi da aka soka a tsokar cinya, ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ya nuna digiri 74. A bar shi ya huta minti 20 kafin a yanka. Yajin suya yana yi masa kyau, amma ƙuli-ƙulin da ke ciki na saurin ƙonewa, don haka a tura shi ƙarƙashin fata tare da tafarnuwa, citta da man shanu. Wadda ba ta son wannan dogon lissafi ta yayyanka shi ranar Laraba, ta tafasa da kayan ƙamshi ta soya yadda aka saba, ranar Alhamis sai dafa dukan shinkafa kawai. Gaskiya ma naman ƙirjin ya fi laushi a haka. Abin da ya rage a sa firji cikin awa biyu, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu.

Juma'a, Asabar da hanyar komawa

Ciwon cinya ba ranar tsere yake tsanani ba, sai washegari da jibi. Tafiya a hankali ta fi kwanciya sauƙaƙa shi. Juma'ar ita ce ranar rububin sayayya, hanyoyin manyan kantuna a cushe suke, a fita masallaci da wuri. Mafaɗar ruwa ta Niagara na da nisan kusan kilomita 30, ana shiga lambun ɓangaren Amurka da ƙafa kyauta duk shekara, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Jirgin ruwan da ke kai mutane gindin ruwan ya riga ya rufe a wannan lokaci, feshin ruwan kuma kan daskare a kan dakali da matakala, a riƙe hannun tsofaffi. Rana na faɗuwa wajen 4:45, a je da hantsi. Tsallaka gada zuwa Kanada shiga wata ƙasa ce, kowa ya duba takardunsa kafin a hau layin.

Masu zuwa daga birnin New York da mota tafiyar kimanin kilomita 600 ce, awa shida da rabi zuwa bakwai in hanya ta yi kyau. Laraba da yamma da Lahadi da rana su ne mafi cunkoso, don haka a taso Talata ko asubahin Laraba, a koma Asabar ko asubahin Lahadi. Abin lura na musamman shi ne dusar ƙanƙarar da tafkin Erie ke haifarwa: iska mai sanyi ta ratsa kan ruwan da bai daskare ba, ta kwashi danshi, ta juye shi a siririn yanki. Ana iya ganin rana a arewacin gari alhali kilomita 15 a kudu ba a ganin motar gaba. A Nuwamban 2014 da na 2022 ta zuba kusan mita biyu a wasu garuruwan kudu da birnin, duka biyun kwanaki kaɗan kafin hutun. Mai neman masauki ya fifita cikin gari ko arewa a kan garuruwan kudu irin su Hamburg da Orchard Park.

A but a ajiye bargo, abin kankare gilashi, ƙaramin shebur, tocila, ruwa da abin ci. Ruwan wanke gilashi ya zama wanda ba ya daskarewa, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A cire wa yaro babbar jaket kafin a ɗaure shi a kujerarsa, a lulluɓa masa bargo daga sama, don jaket mai kumburi na hana bel kama jiki. Idan hukuma ta sanar da hana tuƙi, doka ce, ana cin tara a kanta. In kuma mota ta maƙale a dusa, a zauna a ciki, a share bakin salansa kafin a tayar da inji, a riƙa kunna shi minti goma a kowace awa da gilashi ɗaya a ɗan sauke.